Uwargida, Kada Ki Yi Saurin Kiranta Daƙiƙiya

Yau zancenmu a kan yarinyar nan ne da ke da wayo a gida, a aike ta kasuwar Shuwarin ta kawo canji daidai, ta haddace tatsuniya da ji ɗaya, amma ta kai aji 4 ba ta iya haɗa baƙi da wasali ba. Malam ya sa bulala, uwa ta ce asiri ne, uba ya ce a ɗora mata talla. Irinta suna nan a makarantunmu na Dutse, Kiyawa da Birnin Kudu, maza da mata.

To, ki sani likitoci sun daɗe da gane abin. Wani likitan ido a Jamus, Rudolf Berlin, shi ya raɗa masa suna disleksiya a 1887. A 1896 kuma likita Pringle Morgan na Ingila ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14, mai kaifin basira, wanda karatu ya gagara. Binciken zamani ya nuna ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke rarrabe sautin magana ya haɗa shi da harafi, kuma a wurin irin waɗannan yara wannan aiki yana tafiyar hawainiya. Hankalinsu lafiya lau. Sau da yawa ma gado ne, sai ki tarar wani kawunta ya sha wannan wahala.

Amma fa a yi hattara, ba duk mai rikita b da d ke da ita ba, yaran aji 1 da yawa suna yi su daina. Yarinyar da talla ke hana ta zuwa aji kuwa, matsalarta daban. Ki fara kai ta asibiti a duba mata ido da kunne.

In lafiyarsu ƙalau, sai ki je ki ga malaminta. A gida kuma ki zaunar da ita bayan la'asar, minti 15 ya isa. Ta rubuta harafi da yatsa a ƙasa tana furta sautinsa, ta tafa hannu tana rarraba kalma: ma-ka-ran-ta. Ku fara da Hausa, don yadda ake faɗinta haka ake rubuta ta, ba kamar Turanci ba.

Ke kuma 'yar makaranta, in an ta da ita karatu ta kakare, kada ki yi dariya. Ki matsa kusa ku bi layin tare.