Neman Gidan Haya a Abuja: Lissafin da Ke Jiran Sabon Ma'aikaci

Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Abuja, ko matashin da ya samu aikinsa na farko a can, yakan tarar cewa samun wurin kwana ya fi samun takardar kama aiki wuya, kuma tushen wannan wahala yana cikin yadda aka kafa birnin tun asali. A shekarar 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yi dokar kafa sabon babban birnin tarayya, sannan a watan Disamba na 1991 fadar gwamnati ta taso daga Legas ta tare a cikinsa. Dokar ta mayar da duk ƙasar yankin mallakin gwamnatin tarayya, ta yadda ba wanda ke da cikakken iko a kan fili sai wanda hukumar birnin ta ba shi takarda, kuma taswirar da aka zana ta yanka unguwannin farko, wato Maitama da Asokoro da Wuse da Garki, a kan tsarin da ya fi dacewa da manyan jami'ai da ofisoshin jakadanci. Saboda haka Abuja ba ta da irin tsofaffin unguwannin da ake samu a cikin birnin Kano ko Zariya ko Katsina, inda gidajen gado ke da shaguna da ɗakunan soro da baƙo mai ƙaramin ƙarfi zai iya kamawa ba tare da ya yi nisa da tsakiyar gari ba.

Har zuwa farkon shekarun 2000, ma'aikatan gwamnati da yawa suna zaune ne a gidajen da gwamnati ta gina musu, amma a shekarar 2003 gwamnatin Obasanjo ta ɓullo da tsarin mayar da alfarmomin ma'aikata kuɗi, wato a daina ba ma'aikaci gida da mota, a zuba masa alawus a cikin albashinsa ya nema wa kansa. Bayan haka aka sayar da gidajen gwamnatin, kuma a daidai wannan lokaci, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan birnin daga 2003 zuwa 2007, aka rushe unguwanni irin su Idu-Karmo da aka ce sun saɓa wa taswirar birnin. Waɗannan abubuwa biyu sun tura dubban iyalai zuwa bayan gari, kuma duk wanda ya zo daga baya ya tarar da kasuwar haya da masu nema suka fi gidajen da za su iya biya yawa, alhali a manyan unguwanni akwai gine-ginen da ke kulle shekara da shekaru saboda masu su sun gwammace su bar su haka da su rage farashi.

Gidajen da ƙaramin ma'aikaci zai iya tunkara suna jere ne a kan manyan hanyoyi uku da ke shiga birnin. Hanyar Keffi ta ratsa Nyanya da Karu ta faɗa Jihar Nasarawa, inda Mararaba da Masaka suke. Hanyar Kubwa ta bi ta Dutsen Alhaji da Dei-Dei da Zuba har ta kai Madalla da Suleja a Jihar Neja. Hanyar filin jirgin sama kuma ta bi ta Lugbe ta nufi Kuje da Gwagwalada, wadda ke da tazarar kimanin kilomita 50 daga tsakiyar birni. Kuskuren da ya fi yi wa baƙo illa shi ne ya zaɓi unguwa saboda sunanta ko saboda wani ɗan garinsu yana can, ba tare da ya duba ta wace ƙofa ofishinsa yake ba, domin wanda ke aiki a Jabi ko Utako ya kama gida a Masaka ya ɗaura wa kansa ratsa birnin gaba ɗaya sau biyu a kowace rana, bayan ya riga ya sha cunkoson da ke tsakanin Mararaba da mahaɗar AYA, wanda kan cinye awa biyu a tafiyar da ba ta kai kilomita 30 ba.

A nan ne lissafin gaskiya yake, kuma shi ne mafi yawan masu neman gida ba sa zama su yi. Kuɗin haya ana biyansa dunƙule, shi ya sa yake tsorata mutum, kuɗin mota kuwa yana fita ne kaɗan-kaɗan, shi ya sa ake raina shi, alhali idan aka tara shi yakan kai kuɗin hayar ko ya zarce shi, musamman tun daga watan Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur. A ɗauki misalin ma'aikacin da ke kashe naira 2,000 a zuwa da dawowa: a kwanakin aiki 22 na wata zai kashe naira 44,000, a shekara kuma naira 528,000, wanda ke nufin gidan da ya fi nasa tsada da naira 300,000 amma yake kusa da wurin aiki zai iya fi masa sauƙi idan ya rage masa kashi biyu cikin uku na kuɗin motar. Masana harkar gidaje sukan ce bai kamata muhalli ya ci fiye da kashi 30 cikin 100 na abin da mutum ke samu ba, to amma mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne a wata, wato naira 840,000 a shekara, kuma kashi 30 na wannan bai wuce naira 252,000 ba. Ga kuma abin da ba ya shiga lissafin kuɗi, wato fita tun kafin sallar asuba, da dawowa bayan yara sun yi barci, da hatsarin shiga motocin 'yan fashin da ake kira wan-cans, waɗanda ke ɗaukar fasinja kamar motar haya sannan su ƙwace masa abin da ke jikinsa da na asusunsa. Bahaushe ya ce araha ba ta ado, kuma gidan da ke cin lafiyar mai shi a kan hanya kullum bai cancanci a kira shi mai araha ba.

Matsala ta biyu ita ce yadda ake biyan kuɗin. Ma'aikaci yana karɓar albashi wata-wata, amma mai gida yana neman kuɗin shekara guda cur kafin ya miƙa makulli, wani ma na shekara biyu. A kan wannan akwai la'adar dillali, wadda galibi kashi 10 cikin 100 ce, da kuɗin lauyan da ya rubuta yarjejeniya, wanda shi ma yakan kai haka, da kuɗin ajiya da ake riƙewa saboda ɓarnar da ɗan haya zai iya yi wa gida, sannan a rukunin gidaje masu shinge akwai kuɗin hidima na masu gadi da kwashe shara. Gidan da aka ce naira 600,000 ne yakan tashi kusa da 800,000 kafin a shigar da tabarma. Jihar Legas ta yi doka a 2011 da ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya a yawancin sassanta, kuma a 2022 Sanata Smart Adeyemi ya gabatar wa Majalisar Dattawa ƙudurin da zai sa a riƙa biyan haya wata-wata a Abuja, amma har yanzu biyan shekara ne ke aiki a kasuwa. Wannan tsari zalunci ne a kan sabon ma'aikaci, wanda sau da yawa yakan yi watanni kafin albashinsa na farko ya shigo, kuma shi ke jefa mutane cikin bashin ruwa mai nauyi. Hanyoyin da suka fi sauƙi su ne ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata, waɗanda ke ba da rance a riƙa cira daga albashi, da adashi, da haɗa kuɗi da abokin aiki a kama gida mai ɗaki biyu a raba.

Dillali yana da amfani, domin shi ya san inda aka tashi da inda za a tashi, sai dai sana'ar a buɗe take ga kowa, kuma damfara ta yi yawa a cikinta. Akwai mai karɓar kuɗin ganin gida ya yi ta zagayawa da mutum wuraren da ya san an riga an kama, akwai mai saka hotunan gidan da ba nasa ba a Facebook ko WhatsApp ya nemi kafin alƙalami daga wanda bai ma iso garin ba, akwai kuma mai ba mutum uku hayar ɗaki guda ya ɓace. Kariyar da ta fi ƙarfi ita ce kada kuɗin haya ya fita sai an ga gida ido da ido, an gana da mai shi ko wakilin da ke da takardar wakilci, an kuma biya ta asusun banki mai ɗauke da sunan da ke cikin yarjejeniya. A ƙauyukan da birni ya cinye, kamar Mpape da Durumi da Mabushi, ana samun ɗakuna masu sauƙi kusa da tsakiyar gari, amma da yawansu an gina su ne a kan filayen da aka saya a hannun masu unguwanni ba tare da takardar hukuma ba, kuma ranar da aka shafa musu jan fenti na rusau, ɗan hayan da ya biya shekara ba shi da wanda zai riƙe.

Maƙwabta da masu shagon bakin layi sun fi dillali faɗin gaskiyar gida. Su za su faɗi ko famfo yana kawo ruwa ko sai an saya a wurin 'yan garuwa, ko rijiyar burtsatsen gidan tana ƙafewa da bazara, ko layin yana shiguwa da damina, tunda sassa na Lugbe da Lokogoma sun sha fama da ambaliya, kuma gidan da aka gani da rani ba ya nuna abin da zai zama a watan Agusta. Batun lantarki ma yana buƙatar tambaya tun kafin biya, domin gidan da ba shi da mita mai kati ana yi masa kuɗin wuta ne da ƙiyasi, kuma sabon ɗan haya yakan gaji bashin wanda ya tashi idan ba a warware shi a rubuce ba. Tun watan Afrilun 2024 kuma unguwannin da aka sa a rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, suna biyan farashin da ya ninka na sauran rukunoni.

Duk waɗannan bincike suna buƙatar lokaci, kuma lokaci ne baƙon da ke kwana a otal ba shi da shi. Fataken Hausa sun daɗe da warware wannan matsala ta hanyar fatoma, wato mai masaukin da ke sauke baƙin 'yan kasuwa a zango, ya ba su ɗaki, ya tsaya musu, ya haɗa su da mutanen gari, kamar yadda aka sani a unguwar Sabo ta Ibadan da zangunan Kumasi da Accra. Sauran wannan al'ada yana nan a Abuja a wurin 'yan uwa da abokan karatu da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da masallatan unguwa, kuma ma'aikacin da ya samu wanda zai sauke shi wata ɗaya ko biyu, ya bar iyalinsa a gida har ya gwada hanyoyin da kansa a lokacin cunkoso, ya fi wanda ya taho da kaya a mota samun damar yin ciniki. Wasu ma sukan bar iyalin a Kaduna gaba ɗaya, su kama ɗaki guda a Kubwa kusa da tashar jirgin ƙasan da ya fara aiki a 2016, su riƙa komawa ƙarshen mako, ko da yake raba gida biyu yana da nasa tsadar ga aljihu da kuma tarbiyyar yara.

Idan an daidaita, yarjejeniya a rubuce ita ce abin da ɗan haya zai dogara da shi. Ya kamata ta fayyace ranar da haya ta fara da ranar ƙarewarta, da wanda gyaran rufi da famfo da masai ya rataya a wuyansa, da sharuɗɗan mayar da kuɗin ajiya, da wa'adin da mai gida zai bayar kafin ya ƙara kuɗi, domin ƙarin da ake sanarwa ana saura mako biyu haya ta ƙare shi ke mayar da mutane kan titi neman gida daga farko. Dokar karɓe gidaje daga hannun 'yan haya da ke aiki a Abuja ta tanadi cewa, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, mai biyan wata-wata yana da haƙƙin notis na wata guda, mai biyan shekara-shekara kuma na wata shida, bayan haka sai a ba shi wata takardar ta kwana bakwai kafin a kai maganar kotu, kuma kotu ce kaɗai ke da ikon ba da umarnin fitar da shi. Mai gidan da ya cire ƙofa ko rufi, ko ya watsar da kayan ɗan haya waje da hannunsa, ya karya doka ko da ana bin ɗan hayan bashi.