Kafin Kwando Ya Cika: Yadda Iri Ke Tsirowa a Lambunan Kwadon

Duk wanda ya bi hanyar Gombe zuwa Dadin Kowa ya san Kwadon, garin nan na ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba da ya yi suna da kasuwar kayan gwari. Daga nan ake lodin kwandunan tumatir, buhunan albasa, tattasai da attaruhu zuwa cikin Gombe da wasu jihohi. Mai saye kwando yake dubawa, dillali kuma farashi. Manomin lambu kuwa ya san riba ko asara ta riga ta tabbata tun watannin baya, a ɗan fangalin da ya yafa iri ya yi reno. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Amma sau da yawa za ka ji an ce "iri bai fito ba" ko "an sayar mini da mataccen iri", a wuce wurin ba tare da an binciki abin da ya faru a ƙarƙashin ƙasa ba.

Ƙwayar iri abu ce mai rai. A cikin ɓawonta akwai ɗan tsiro da ya riga ya samu 'yar saiwarsa da ɗan tohonsa, tare da abincin da uwar shuka ta tanadar masa. Yana numfashi a hankali ƙwarai, yana jiran abu uku: ruwa, iska da ɗumi. Taki ba ya cikin lissafin a wannan mataki. Da zarar ƙwayar ta sha ruwa sai ta kumbura, ɓawon ya yi laushi ya tsage, wasu sinadarai da ke cikinta su farka su soma narkar da abincin nan ya zama sukari. Saiwa ce ke fara leƙowa ta nufi ƙasa, daga baya toho ya nufi sama. Abin da ya kamata kowane mai lambu ya riƙe shi ne, da saiwa ta fito babu komawa baya. Busasshen iri zai iya shekara a ajiye, amma wanda ya fara tsirowa, idan fangali ya bushe masa na wuni guda a zafin rana, ya mutu ke nan, ko da an kwarara masa ruwa washegari.

Yawan ruwa ma kisa yake yi. Tsiro na buƙatar iskar da ke tsakanin ɓarɓashin ƙasa, idan ruwa ya kwanta ya toshe waɗannan kafofi sai ƙwayar ta shaƙe ta ruɓe. Shi ya sa sakin ruwa daga bakin tiyon inji kai tsaye a kan fangalin reno ɓarna ce babba: yana wanke iri ya tara shi gefe guda, yana kuma daddale ƙasa ta yi ɓawo mai tauri idan ta bushe. Buta mai rariya ce daidai, safe da yamma, ƙasa ta yi danshi ba caɓi ba.

Sai batun zurfi, inda a ganina aka fi yin asara ba a sani ba. Ɗan tsiro kamar matafiyi yake da ɗan guzurinsa: dole ya isa inda haske yake kafin guzurin ya ƙare, don sai ya buɗe ganye a rana ne zai fara haɗa abincin kansa. Masara da wake suna da guzuri mai yawa, suna iya ratso ƙasa mai kauri. Ƙwayar tumatir da ta albasa kuwa ƙanana ne, giram ɗaya kan ƙunshi kusan ƙwaya 300. Zurfin santimita 1 ya ishe su. Alayyahu da latas ma ko hakan ba sa so, yayyafa musu ƙasa kawai ake yi. A ja layuka da tazarar kamar faɗin tafin hannu, a zuba iri jefi-jefi, a rufe da lallausar ƙasa, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai. Ranar da aka ga kore ya fara leƙowa a ɗage ciyawar, a mayar da ita 'yar rumfa. Idan aka bar ciyawar kwance a kansa, tsiron zai yi tsawo ya yi fari ya langaɓe.

Kowane iri da yanayin da yake so. Tumatir ya fi tsirowa idan zafin ƙasa yana tsakanin digiri 20 zuwa 30, yakan fito cikin kwana 5 zuwa 10. A tsakiyar hunturu, lokacin da daren Disamba da Janairu ke sanyi, yakan yi nawa. Attaruhu ya fi kowa jan rai, yana iya kai mako biyu zuwa uku, don haka kada a yi gaggawar tone fangalinsa a ce ya ƙi. Latas kuwa akasin haka yake: idan zafin ƙasa ya haura digiri 30 sai ya ƙi tsirowa ko da lafiyarsa ƙalau, abin da ke sa renonsa wahala a bazara.

Wani lokaci dai gaskiyar manomi ce, irin ne ya mutu. Irin albasa ba ya jure ajiya, da wuya ya wuce shekara ɗaya zuwa biyu da ƙarfinsa, alhali na tumatir kan kai shekara huɗu idan ya samu kulawa. Zafi da laima su ne ke cinye rayuwar iri. A shekarar 2005 an shuka ƙwallon dabino da aka tono a Masada, kusa da Tekun Gishiri, mai kimanin shekara 2,000, ya kuwa tsiro, saboda bushewar wurin da ya kwanta. Mu kuma sai mu bar gwangwanin iri a buɗe a ɗakin kwano, ko a shanya ledojinsa a rana a teburin kasuwa tun daga bazara har damina. Wurin ajiyar iri shi ne kwalba mai murfi, bayan ya bushe sarai, a ɗaki mafi sanyi a gidan.

Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya cin ko sisi. Mako biyu kafin reno, a ƙirga ƙwaya 100, a jera a kan jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta, a naɗe, a ajiye a inuwa, ana yayyafa masa ruwa kada ya bushe. Bayan kwana 10 (attaruhu kuwa a ƙara masa lokaci) a warware a ƙirga waɗanda suka fitar da saiwa. Idan sun kai 80 ko fiye, irin na da kyau. Idan sun tsaya wajen 60, a ƙara yawan abin da za a yafa. Idan ba su kai rabi ba, a nemi wani tun lokaci bai ƙure ba. A noman rani asarar mako biyu ba ƙarama ba ce, don tana iya jefa tumatir cikin zafin Maris da Afirilu, lokacin da fure ke zubewa.

Masu cire iri daga amfanin gonarsu su lura da abu biyu. Yauƙin nan da ke lulluɓe ƙwayar tumatir yana ɗauke da sinadarin da ke hana ta tsirowa, don haka a matse shi a roba, a bar shi kwana biyu zuwa uku ya yi tsami, a wanke, a shanya a inuwa. Na biyu, iri ɗan aure, wanda ake rubuta F1 a jikin gwangwaninsa, ba a mayar da 'ya'yansa gona. Za su tsiro, amma za su fito barkatai, wani dogo wani gajere, wani mai ruwa wani mai tsoka. Ba ha'incin kamfani ba ne, dokar gadon halitta ce da Gregor Mendel ya bayyana tun 1865 bayan gwaje-gwajensa a kan wani nau'in wake.

Fitowar tsiro ba ita ce ƙarshen haɗari ba. Akwai cutar da ke kama shi daidai inda kara ya haɗu da ƙasa, wurin ya sirance ya yi ruwa-ruwa, da safe a tarar da yabanya kwance. Fumfunar da ke cikin ƙasa ce ke kawo ta, kuma cunkoso, yawan ruwa da ɗanyen taki ne ke ba ta ƙarfi. Maganinta a ɗaga fangali ya ɗara ƙasa, a sa ruɓaɓɓen taki, a rage tsiron da ya yi yawa, a riƙa sauya wurin reno. Tumatir kan isa dashe a mako huɗu zuwa biyar, albasa a mako shida zuwa takwas. Saura mako guda a janye rumfa a rage ruwa don dashen ya saba da rana. A jiƙa fangali sosai kafin cira, a ɗauko da ƙasar jikin saiwa, a dasa da la'asar.

Abin da ke damuna shi ne, ilimin nan yana kusa da Kwadon ƙwarai. A kan hanya ɗaya Kwalejin Koyon Aikin Lambu ta Tarayya take a Dadin Kowa, garin da madatsar ruwan kogin Gongola take. Hukumar kula da ingancin iri ta ƙasa, NASC, ta fito da tsarin lambar da ake kankarewa a jikin ledar iri a tura ta waya don tantance sahihancinsa. Ina kira ga kwalejin da malaman gona na jihar Gombe su kafa fangalin gwaji a bakin kasuwar Kwadon kafin kowane noman rani, inda manomi zai kawo irinsa a gwada a gabansa, a koya wa matasa reno a tire, a nuna musu yadda ake duba lambar leda da ranar da aka ɗura irin. Kai kuma mai lambu, kafin ka fasa gwangwanin bana ka yafa, ware ƙwaya 100 ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma tukuna.