Gwajin Testosteron: Wace Lamba Ce Daidai Ga Namiji?

Maza da yawa sun ɗauka akwai wata lamba guda da ake kira daidai a gwajin testosteron, duk wanda bai kai ta ba to mazakutarsa ta samu matsala. Ba haka abin yake ba, kuma wannan kuskuren fahimta na iya kai ka ga yin allurar da za ta hana ka haihuwa.

Testosteron shi ne sinadarin da ke buɗe muryar yaro idan ya balaga, ya fito masa da gemu, ya ƙarfafa tsoka da ƙashi, ya tayar da sha'awa, ya kuma taimaka wajen samar da ƙwayoyin maniyyi. 'Ya'yan maraina ne ke samar da kusan dukkansa, amma ba gaban kansu suke yi ba. Ƙwaƙwalwa ce ke aika musu umarni ta hanyar wani sinadari mai suna LH. Idan testosteron ya yi yawa a jini sai ta rage umarnin, idan ya yi ƙasa ta ƙara.

To nawa ne daidai? Galibin ɗakunan gwaji suna sanya tsakanin 300 zuwa 1000 ng/dL ga baligi. Wani bincike da aka buga a 2017 kan mazan Amurka da Turai ya samu 264 zuwa 916 ga lafiyayyu marasa ƙiba 'yan shekara 19 zuwa 39. Ka ga ashe mai 400 da mai 800 duk lafiyarsu ƙalau, kuma mai 800 bai fi ɗan'uwansa zama namiji ba. A 2018 ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta ɗauki ƙasa da 300 a matsayin inda za a fara zargin ƙaranci.

Ka kuma lura da ma'aunin da ke jikin takardarka. Wasu ɗakunan gwajin da nmol/L suke aiki, wasu da ng/mL. 300 ng/dL daidai yake da 3 ng/mL, ko kimanin 10.4 nmol/L. Wanda ya ga 15 a takardarsa ya tayar da hankali, wataƙila ma'aunin ne bai duba ba.

Sannan gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Sinadarin yana kai ƙololuwa da safe, ya sauka zuwa yamma, musamman ga matasa. Cin abinci kafin a ɗebi jini yana sauke shi, haka zazzaɓi ko wata jinya. Barci ma haka: a wani bincike na Jami'ar Shikago a 2011, samarin da aka taƙaita wa barci zuwa awa 5 na tsawon mako guda, nasu ya ragu da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Shi ya sa ake ɗibar jinin da safe, wajen ƙarfe 7 zuwa 10, kafin karin kumallo, kuma idan ya fito ƙasa a maimaita wata ranar.

Akwai kuma abin da lambar take ɓoyewa. Mafi yawan testosteron da ke jini a ɗaure yake jikin wasu furotin, kimanin kashi 2 cikin ɗari ne kawai a sake. Ƙiba tana rage ɗaya daga cikin furotin ɗin, mai suna SHBG, sai jimillar ta fito ƙasa alhali wanda ke a sake bai ragu sosai ba. A irin wannan hali likita kan nemi a auna na saken daban.

Shekaru fa? Daga wajen 40 yana raguwa da kimanin kashi 1 cikin ɗari a shekara, a hankali, kuma dattawa da yawa suna nan cikin iyakar daidai. Abubuwan da suka fi saurin kayar da shi su ne ƙiba, ciwon suga, ƙarancin barci, yawan shan giya, da ƙwayoyi irin su tiramol da kodin. Da yawansu ana iya gyarawa.

Likita ba ya cewa kana da ƙaranci sai ƙarancin lamba ya haɗu da alamomi: raguwar sha'awa, daina miƙewar gaba da asuba, zubewar gashin jiki, raunin ƙashi. Kasala kaɗai ba hujja ba ce. Raunin gaba ma sau da yawa daga jijiyoyin jini yake, wato hawan jini, suga ko sigari, ko kuma damuwa.

Haɗarin allurar testosteron ba tare da likita ba yana komawa ga wancan umarni na ƙwaƙwalwa. Da zarar ta ga sinadarin ya cika jini daga waje sai ta daina aika LH, maraina su rage aiki har su ƙanƙance, ƙwayoyin maniyyi su ragu, wani lokaci su ƙare gaba ɗaya. Farfaɗowa kan ɗauki watanni, wani ma fiye da shekara. Allurar tana kuma sa jini ya yi kauri.

Saboda haka idan kana da alamomin nan, ka je asibiti a gwada ka da safe har sau biyu, a duba suga da hawan jini. In kuma kana neman haihuwa, ka faɗa wa likita tun kafin ya ɗauki biro.