Wa ke cin kajin da dare?

Masu sauraro, a gonakin bayan Omdurman da kaza ta ɓace sai a ce dila ne, a zuba guba, karen maƙwabci ya mutu. Alhali akwai 'yar kyamara mai batir da ake ɗaurewa a jikin bagaruwa, daidai gwiwa. Ba ta ɗaukar hoto sai abu mai ɗumi ya gifta. To, a Khartum zafin Mayu kan wuce digiri 40, ƙasa ta ɗau ɗumi kamar jikin dabba, kyamarar ta rikice da rana. Da dare kuwa tsaf za ta nuna maka: tunku ne, yanyawa ce, ko muzurun gidanka. Sai dai tun ɓarkewar yaƙin Afrilun 2023 kyamara abin zargi ce, kar ta kalli titi, kuma a sanar da maƙwabta tukuna.