Tazarar Sakin Layi a Fuskar Na'ura: Ina Ya Kamata Ido Ya Huta?

A littattafan Turai na zamanin rubutun hannu, magatakarda kan sa alama da jan tawada a inda sabuwar magana ta soma. Da injin ɗab'i ya zo a ƙarni na 15, masu bugu suka riƙa barin ɗan gurbi a farkon layi don mai jan tawada ya cike. Sannu a hankali aka daina cikewa, gurbin kuwa ya zauna daram. Asalin tura layin farko ciki ke nan, irin wanda muka saba gani a littafin takarda.

Intanet ta zo da nata salon: maimakon tura layi, sai a bar fili tsakanin sakin layi da mai bi masa. Ba a banza ba. A binciken da Jakob Nielsen ya wallafa a 1997, kashi 79 cikin 100 na waɗanda aka gwada ba sa bin shafin intanet kalma bayan kalma, tsallake suke yi, kuma mai tsallake yana buƙatar wurin sauka. Ƙa'idojin shafukan intanet da hukumar W3C ta fitar a 2008 ma sun nemi mai karatu ya iya samun tazarar layi ɗaya da rabi, tazarar sakin layi ta fi haka, kada kuma layi ya wuce haruffa 80.

Wannan salo na barin fili ya dace da labarai da rahotanni. Inda na ƙi yarda shi ne ɗora shi a kan littafin hikaya. Tun fitowar na'urar karatu ta Kindle a 2007 ake ta jefa littattafai cikin na'ura da tsarin shafin intanet, haka ma yawancin labaran da marubutanmu ke yaɗawa ta WhatsApp da Wattpad. To hikaya cike take da hira, wata maganar ba ta wuce kalma biyu. In aka bar fili bayan kowace, fuskar waya ba za ta ɗauki abin kirki ba, yatsa ya gaji da ja, hirar ta wargaje. Mafi muni, filin da marubuci ke bari don nuna an sauya wuri ko lokaci sai ya ɓace cikin sauran. Mai karatu na tsakar gida da Hajiya, kwatsam ya tsinci kansa a tashar mota.

Ga hikaya a tura layi, a keɓe fili da 'yar alama don sauyin fage. Kada a haɗa biyun a kowane sakin layi. Mai shirya fayil ɗin littafin na'ura (EPUB) kuma kada ya ƙulle tazara da girman harafi, domin dattijo mai raunin gani ya iya buɗa su yadda idonsa zai ɗauka.