Wasiƙa Na Neman Gida: Shin Lambar Bosta Za Ta Iso Kambo?

Duk wanda ya taɓa aika wasiƙa zuwa ƙauyukanmu na Jazira ya san yadda ake rubuta adireshi: sunan mutum, sunan ubansa, sannan "ta hannun wane mai kanti a kasuwar Wad Madani". Daga nan sai direban lori ya ɗauka, ya ba limami, limami kuma ya yi cigiya bayan sallar Juma'a. Wasiƙar da ta baro Jidda cikin kwana biyar tana iya yin wata guda tsakanin kanti da ƙofar mai ita.

Wasu na cewa maganin wannan shi ne a kafa tsarin lambar bosta na ƙasa baki ɗaya, kamar yadda Amurka ta yi a 1963. To, mai karatu, Sudan ba ta rasa lambar ba. Tana da tsari mai alƙaluma 5: Khartum 11111, Wad Madani 21111. Sai dai lambar ta ofishin bosta ce, iyakarta ta kai wasiƙa cikin akwatin da mutum ya yi haya. Wanda ba shi da akwati kuwa, ko a jikinsa.

Garuruwa irin su Maiwurno ba su da wannan damuwa sosai. Tun da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya sauka a bakin kogi kudu da Sinnar bayan yaƙin Burmi na 1903, garin ya samu suna, kuma hukuma ta san da shi. Matsalar tana kanabi, wato sansanonin leburori da suka tsiro a gefen magudanan ruwa bayan an buɗe aikin noman Jazira a 1925. Kakanni sun tsinci auduga a can, jikoki sun girma a can, amma har yau kambo da dama ba a lissafa su cikin ƙauyuka masu rajista. Wurin da ba ya cikin littafi, ta yaya za a ware masa famfo, makaranta ko ɗakin shan magani? Mu malamai mun sha ganin yaro ya zo cika takardar jarrabawa, a gurbin adireshi ya rubuta sunan ƙauyen maƙwabta, domin nasu ba a san shi ba.

Rikicin jihar Bahar Azraƙ na 2022, da yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023, sun ƙara fito da abin fili. Mutane sun watse daga Damazin, Rusairis, Madani da Sinja, masu rabon agaji na tambayar daga ina, amsar kuwa sunan da babu shi a taswira.

A ganina ana bukatar lambar, amma ba don wasiƙa ba, tunda wayar hannu ta kusa kashe wannan kasuwa. Amfaninta shi ne a ƙidaya kowane mazauni. Ailan sai 2015 ta kafa nata tsarin, kuma ta ba kowane gida lambarsa, saboda gidajen karkara da yawa adireshinsu ɗaya ne. Mu nan ba mu kai ga gida-gida ba tukuna. A fara da tura masu safiyo su rubuta sunan kowane kambo da kowace hilla, tare da shehunnan wurin, kafin a zauna rabon alƙaluma a Khartum.