Atisayen Minti 12 Da Ke Koya Wa Hankali Sakin Tunanin Da Ya Maƙale

Duk mai riƙe da wayar Android ya san saƙon nan da ke faɗowa a allo cewa manhaja ta daina amsawa, a jira ta ko a rufe ta. Android yana fito da shi ne idan aka taɓa allo, manhajar ta kai daƙiƙa 5 ba ta motsa ba. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke jawo haka shi ne umarnin da ke ta zagaye a wuri guda, wanda ya rubuta shi bai bar masa hanyar fita ba. Waya ta ɗau zafi, caji ya zube, aiki kuma yana nan inda yake.

Ƙwaƙwalwa ma tana faɗawa irin wannan zagayen. Mutum ya tura saƙo a WhatsApp, alamar nan biyu ta koma shuɗiya, amsa shiru. Daga nan sai saƙa da warwara: me na faɗa ba daidai ba, me ya sa kullum ni ake yi wa haka. Ko ɗalibar da makinta na JAMB bai kai ba, wata biyu tana maimaita ranar jarrabawar a ranta. Sunan da masana halayyar ɗan Adam suka ba wannan a Turanci an aro shi ne daga tuƙar akuya da saniya, wato a dawo da abin da aka haɗiye a sake taunawa. Ita dai akuya ko ba komai tana ƙoshi da tata tuƙar.

Abin ba ƙarami ba ne. Wata masaniya Ba'amurkiya, Susan Nolen-Hoeksema, ta auna yanayin tunanin wasu ɗaliban Jami'ar Stanford mako biyu kafin girgizar ƙasar da ta auku a yankinsu a 1989. Da ta sake auna su bayan girgizar, sai ta tarar waɗanda dama suke da ɗabi'ar tuƙa tunani su ne suka fi daɗewa cikin damuwa, har bayan mako bakwai. A 2010 kuma Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert na Jami'ar Harvard sun yi amfani da wata manhajar iPhone da ke tambayar mutane a lokuta daban-daban abin da suke yi da abin da suke tunani. Cikin mutum 2,250, an samu kusan kashi 47 cikin ɗari na lokutan da aka tambaya hankali ba ya kan abin da ake yi, kuma a irin waɗannan lokutan mutane sun fi ƙarancin walwala.

Me ya sa "cire shi a ranka" ba ta aiki?

Shawarar da aka fi ba mai damuwa ke nan, kuma ita ce mafi rauni. A 1987 Daniel Wegner ya ce wa wasu mutane su yi minti 5 kada su tuna farin beyar, dabbar nan ta ƙasashen ƙanƙara, duk wanda ya tuna ya buga ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa. Dalilin a fili yake: kafin ƙwaƙwalwa ta tabbatar ba ta tunanin abu, sai ta riƙa leƙawa ta ga ko yana nan, leƙen kuma shi ne tunawar.

Hanya ta biyu da matasa suka fi bi ita ce ɗaukar waya. TikTok ko Instagram suna kawar da tunanin na ɗan lokaci, babu musu. Amma a nan manhajar ce ke jan hankalin da bidiyo bayan bidiyo, ba mai wayar ne ke tuƙa shi ba. Da an ajiye waya ƙarfe ɗayan dare, tunanin yana nan yana jira, ga barci an rasa.

Yadda atisayen yake

Adrian Wells, farfesa a Jami'ar Manchester da ke Ingila, ya ɗauki matsalar ta wata fuska. A ganinsa mummunan tunani yana zuwa wa kowa, abin da ke raba mutane shi ne tsawon lokacin da hankali ke zama a kansa. Don haka maimakon gardama da tunanin, sai a horar da hankali ya iya tashi daga wuri zuwa wuri bisa umarnin mai shi. A 1990 ya fara wallafa dabarar, wadda ya kira Attention Training Technique, ATT a taƙaice. Da sauti ake yin ta, kuma tana ɗaukar kimanin minti 12.

Mutum zai zauna ido buɗe, ya kafa shi a wuri ɗaya a bango. Zai zaɓi sautuka kamar shida ko fiye, wasu kusa wasu nesa, kuma daga ɓangarori daban-daban: ƙarar fanka a sama, agogon bango a hagu, ɗigar famfo a tsakar gida, janaretan maƙwabci, rediyon mai shayi, wucewar babura a titi. A unguwanni da yawa ba sai an nemo sauti ba, yana nan har ya yi yawa.

Minti 5 na farko, sauti ɗaya ake bi. A ba fanka dukkan hankali kamar babu wani abu a duniya sai ita, bayan ɗan lokaci a koma kan agogo, haka har a zagaye su. Minti 5 na biyu sai a riƙa tsalle daga wannan sauti zuwa wancan, ana ƙara sauri har ya zama duk bayan 'yan daƙiƙoƙi an sauya. Ragowar minti 2 kuma a buɗe kunne a yi ƙoƙarin jin dukkansu a lokaci guda, a ƙirga nawa ake iya riƙewa.

A tsakiyar haka tunanin zai shigo, babu makawa. Ba a korarsa, ba a kuma ba shi amsa. Ana barinsa ne kamar wani ƙarin sauti a ɗakin, a mayar da hankali kan wanda ake bi. Wannan mayarwar ita ce ainihin atisayen, don haka wanda hankalinsa ya kuɓuce sau talatin ya dawo da shi sau talatin bai faɗi ba. Idan kuma abin ya zo da sauƙi sosai, alama ce a ƙara sautuka ko a zaɓi masu wuyar ji.

Ga inda mutane da yawa ke ɓata shi: suna ajiye shi sai tunani ya taso su ɗauko shi kamar maganin ciwon kai. Wells ya ja kunne a kan haka. Idan aka yi shi don gudun tunani, an koma gidan jiya, wato gwajin farin beyar. Lokaci ake ware masa, sau ɗaya ko biyu a rana, ko da rai fes yake, kamar yadda ɗan ƙwallo ke atisaye ranar da babu wasa.

Inda waya ke da amfani

Agogon waya ya isa a raba minti 5, 5 da 2. Akwai kuma sautukan ATT da aka naɗa a YouTube, inda murya ke faɗin sautin da za a bi, galibi da Turanci. Mai amfani da su ya sa abin sauraro a kunne biyu, ya kuma duba saitin Accessibility ya tabbatar Mono audio a kashe yake, domin idan yana kunne, sautin hagu da na dama za su haɗe, a rasa ɓangaren da kowanne ke fitowa. A kunna Do Not Disturb kafin a fara. Kada a yi shi ana tuƙin mota ko babur.

Wata dabarar da ke tafiya tare da shi ita ce ɗage tunani. Idan ya taso da hantsi, a ce masa sai ƙarfe biyar, a sa ƙararrawar waya, a ba shi minti 15 idan lokacin ya yi. Sau da yawa kafin biyar ɗin ya riga ya huce.

Game da hujja, ya kamata a faɗi gaskiya: yawancin gwaje-gwajen da aka yi wa ATT shi kaɗai ƙanana ne. Hujja mafi ƙarfi tana kan cikakken tsarin jinyar da Wells ya gina, wanda ATT yanki ne a cikinsa. A wani gwaji da aka yi a Denmark kan mutum 174 masu ciwon damuwa, aka wallafa a 2020, kashi 74 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa wannan tsarin sun warware, su kuma waɗanda aka yi wa jinyar CBT da aka saba, kashi 52. Sai dai ƙwararru ne suka jagoranci jinyar, kuma Wells kansa yana cikin marubutan rahoton.

Wanda tunani ya hana shi barci ko cin abinci ko fita aiki har mako biyu, ko ya fara jin gara ya mutu, ya wuce batun atisaye a waya. Ya gaya wa wani na kusa da shi, ya ga likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Maiduguri da Dawanau ta Kano, kuma babban asibiti mafi kusa zai iya tura shi inda ya dace.